Zuciya Ta Dawo, Jiki Ya Ƙi Natsuwa



Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu malamai, abokan aikina likitoci da ma'aikatan jinya, ɗalibai, iyaye mata, 'yan'uwa maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. Na gode da kuka ajiye harkokinku kuka zo sauraron magana a kan wata lalura da ko a cikin asibiti ba kasafai ake jin sunanta ba.

Zan fara da wani bawan Allah da na duba shekarun baya. Ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba, domin sirrin marar lafiya amana ce. Tela ne, magidanci, yana fama da asma tun yana yaro. Wani dare cikin hunturu, ƙura ta yi yawa, asmar ta tashi masa. Kafin a samu abin hawa numfashi ya fara gagara, ana shiga da shi asibiti zuciyarsa ta tsaya. Ma'aikatan da ke bakin aiki suka hau danna masa ƙirji, suka zura masa bututun numfashi, cikin ikon Allah zuciyar ta dawo. Ya yi fiye da mako cikin doguwar suma, sannan ya buɗe ido. Ya gane matarsa, ya kira 'ya'yansa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har ya tambayi wanda ke kula masa da shago. Dangi suka yi sadaka, aka yi ta zuwa barka da arziki.

Ranar da aka fara miƙa masa kofin koko, hannunsa ya taho lafiya lau, yana gab da kama kofin sai ya fizge, kokon ya watse a gado. Ya sake gwadawa, haka dai. Da aka tsayar da shi, ƙafafunsa suka riƙa zabura kamar mai taka garwashi, can sai suka sake shi gaba ɗaya ya zube ƙasa. Aka ce raunin jinya ne, zai wuce. Bai wuce ba. Lokacin da aka kawo shi wurina an yi watanni ana yawo da shi. Wasu sun ce farfaɗiya ce, wasu sun ce iska, wani daga cikin danginsa ma ya ce da gangan yake yi, don kada ya koma bakin keken ɗinki. Matarsa ta ce da ni, "Likita, in yana barci lafiyarsa ƙalau, ko yatsa ba ya motsawa. Sai ya tashi zai yi wani abu." Shi kuwa, da ƙyar maganar ke fita saboda fizgar ta kama har harshensa, ya ce, "Ina jin duk abin da suke faɗa a kaina."

Maganar nan tasa ita ta sa na karɓi wannan gayyata.

Kafin in ci gaba, bari mu daidaita harshe. Mun saba jin rediyo na cewa wane ya rasu sakamakon bugun zuciya, kuma da wannan kalma ɗaya muke kiran abubuwa biyu. Na farko shi ne toshewar jijiyar da ke kai wa tsokar zuciya jini. Mutum zai ji ƙirjinsa ya yi nauyi, gumi na karyo masa, amma yana a farke kuma zuciyar na aiki. Na biyu shi ne tsayawar zuciya: ta daina tura jini baki ɗaya, mutum ya yanke jiki ya faɗi, ba numfashin kirki, ba amsa kira. Na farkon yana iya jawo na biyun, haka nan nutsewa a ruwa, da shaƙewa, da kamun wutar lantarki, da zubar jini wurin haihuwa, da matsala wurin allurar barci a ɗakin tiyata, da asma irin ta telan nan. A kan na biyun nake magana yau.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikin baligi ba, amma ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Ga shi kuma ba ta da rumbu. Abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. In jinin ya tsaya, cikin kamar sakan 10 mutum ya suma, kuma daga minti 4 zuwa 6 ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sun fara mutuwa. Ko bayan jinin ya dawo ɓarnar ba ta tsayawa nan take, takan ci gaba da ruruwa na sa'o'i da kwanaki, kamar gobarar da aka kashe harshenta amma garwashin na nan ƙarƙashin toka.

Kuma ba ko'ina ne yunwar iskar ke kamawa daidai ba. Akwai sassan da suka fi saurin jigata. Ɗaya shi ne wurin da ake ajiye sabon abin da mutum ya gani ko ya ji, shi ya sa da yawa cikin waɗanda suka tsira ke fama da mantuwa. Wani shi ne ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, wadda muke kira serebelam, musamman wasu manyan ƙwayoyi a cikinta masu ɗauke da sunan masanin ƙasar Cek, Jan Purkinje, wanda ya bayyana su a 1837. Sai kuma wasu curarrun jijiyoyi da ke can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa, basal gangiliya. Waɗannan biyun na ƙarshe aikinsu daidaita motsi ne. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah ya san ƙarfin doki a jikinsa yake, amma linzami ne ke sa shi ya yi sukuwa har gaban sarki ya ja birki ya tsaya cak. Tsokar telan nan ba ta rasa ƙarfi ba. Linzamin ne ya tsinke.

Wannan irin marar lafiya sabo ne a tarihin likitanci. A da, in zuciya ta tsaya, galibi sai dai a yi wa mutum sutura. A 1960 ne wasu masu bincike uku a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, wato Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, suka wallafa cewa ana iya tura jini ta hanyar danna ƙirji daga waje, ba sai an tsaga shi ba. Aka fara samun mutanen da suka leƙa suka dawo. Shekara 3 kacal bayan haka, a 1963, wani likitan jijiyoyi ɗan Ostireliya, James Lance, da Raymond Adams na babban asibitin Massachusetts da ke Boston, suka rubuta a mujallar Brain labarin mutum 4 da suka farfaɗo bayan ƙwaƙwalwarsu ta rasa iska, hankalinsu ya dawo, amma duk lokacin da suka yi niyyar motsi sai jiki ya kama fizga. Tun daga nan ake kiran lalurar da sunan mutanen biyu, Lance-Adams. Ita ce ke damun telan da na ba ku labari.

Ina so ku riƙe siffofinta, domin da ido ake fara gane ta, ba da na'ura ba. Tana bayyana ne kwanaki ko makonni bayan tsayawar zuciya ko ta numfashi, galibi bayan mutum ya farka. In yana kwance ya saki jikinsa, fizgar takan lafa, in ya yi barci ta ɓace. Da zarar ya ƙudurta yin wani abu sai ta taso, kuma gwargwadon yadda aikin ke buƙatar saiti, gwargwadon tsananinta: kai loma baki, ɗebo ruwa a buta don alwala, sa maɓallin riga, zura zare a allura. Ƙara ma tana tayar da ita. A bugo ƙofa, ko kwano ya faɗi a tsakar gida, ko ɗan adaidaita ya danna hon a bakin layi, sai ka ga jikin ya zabura. Fargaba da kunyar idon mutane suna ƙara mata ƙarfi. Akwai kuma wani ɓangare nata da ba a cika lura da shi ba: wani lokaci tsokar ba fizga take yi ba, ɗaukewa take yi na ƙiftawar ido, kamar yadda wuta ke ɗaukewa ta dawo. In hakan ya faru a cinya mutum na tsaye, faɗuwa zai yi. Shi ya sa da yawansu ke ƙarewa a keken guragu alhali ƙafafunsu ba su shanye ba.

To ku duba yadda kowace siffa a nan take buɗe ƙofar zargi. Ba ya yi in yana barci, sai a ce da gangan ne. Ya fi yi in baƙi sun shigo, sai a ce neman tausayi yake. Maganarsa na sarƙewa, sai a ɗauka hankalin ne ya taɓu, a riƙa tattauna al'amarinsa a gabansa kamar ba ya nan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan: an kai telan nan wani wuri inda aka riƙa ɗaga murya a kunnensa, duk lokacin da aka daka tsawa jikinsa ya zabura, sai aka ce ga shi nan, mutanen ɓoye sun amsa. Aka kuma turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki, mutumin da asma ce ta kai shi bakin kabari tun farko. Iyayena malamai, ni ba na hana addu'a, ni ma ina yi wa marasa lafiyata, kuma na ga yadda take kwantar musu da hankali, wanda shi kansa yana rage fizgar. Roƙona shi ne a yi ta da murya mai taushi, ba tsawa, ba duka, ba hayaƙi, kuma a haɗa da asibiti. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma mu masu harkar lafiya ba mu fita daga wannan duhun ba: a wani kemis an ba shi maganin farfaɗiya mai suna fenitoyin, wanda aka san yana iya tsananta irin wannan fizga.

Yanzu zan juya ga abokan aikina, ko da yake maganar ta shafi kowane gida. Akwai wata fizgar daban da ke zuwa da wuri, a rana ta farko zuwa ta uku, tun mutum na cikin doguwar suma a ɗakin kulawa ta musamman. Fuska da kafaɗu da gaɓoɓi su riƙa zabura ba ƙaƙƙautawa. Shekaru da dama an koyar da mu cewa in ka ga wannan, magana ta ƙare. Gaskiya ne alama ce mai nauyi, kuma da yawa daga masu ita ba sa tashi. Amma an samu waɗanda suka yi irin wannan fizga suka kuma farka da hankalinsu, har aka gane cewa wasunsu Lance-Adams ce ta fara tun suna ƙarƙashin maganin barci. Saboda haka ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin farfaɗo da zuciya da na kulawa ta musamman na Turai suka fitar a 2021 suka ce kada a yanke hukunci kan makomar marar lafiya kafin sa'a 72, sai an tabbata maganin barci ya bar jikinsa, kuma kada a dogara da alama guda. A haɗa duban idanu da gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa da hoto da sauran abin da ya samu. Na san halin da ake ciki a nan. Kuɗin gado a ɗakin kulawa ta musamman na cinye gona da shanu cikin kwanaki, dangi su zo su ce a sallame shi su kai shi gida ya cika a ɗakinsa. Ba na ganin laifinsu. Amma kada mu ne za mu ce musu babu fata a daren farko don kawai mun ga jiki na fizga. Wannan hukunci ya fi ƙarfin alama ɗaya.

Fizga ba ita kaɗai ba ce. In ɓarnar ta fi yawa a basal gangiliya, wani sai jikinsa ya sandare, tafiya ta zama ja da ƙafa, fuska ta daina nuna fara'a ko ɓacin rai, murya ta yi ƙasa, kamar mai cutar Fakinsin. An fi ganin wannan ga manya, cikin makonni ko watannin farko, kuma maganin Fakinsin na yau da kullum ba ya cika yi masa aiki sosai. Yara da matasa kuwa sun fi samun murɗewar gaɓoɓi: hannu ya lanƙwashe, wuya ya karkace, ƙafa ta juya ciki. Wannan takan yi jinkiri, ta zo bayan watanni, wani lokaci fiye da shekara, sannan ta riƙa ƙaruwa a hankali. Likitan jijiyoyin nan na Landan, David Marsden, da abokan aikinsa sun yi rubutu a kan wannan bambanci. Jinkirin nan shi ke ɓatar da sawu. Yaro ya faɗa rijiya ko kududdufi bara, an ciro shi ya farfaɗo, bana hannunsa ya fara murɗewa, babu wanda zai haɗa biyun sai likitan da ya yi tambaya. Wasu kuma sukan samu motsin da ba su yi niyya ba, yatsu da kafaɗu na ta wutsil-wutsil ba hutu.

A nan dole in tsaya kan wani abu da ke cikin gidajenmu. Hayaƙin janareto da na gawayi suna ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana manne wa jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Tana hana ƙwaƙwalwa iska ko da zuciya ba ta tsaya ba, kuma basal gangiliya na daga wuraren da ta fi ci. Wanda aka ciro daga irin wannan ɗaki zai iya farfaɗowa ya koma harkokinsa, sai bayan kwanaki ko 'yan makonni ya rikice, jiki ya sandare, tafiya ta gagara. Duk hunturu sai an kai kaskon wuta ɗaki an rufe ƙofa da taga, duk daren da aka ɗauke wuta sai wani ya shigar da janareto cikin gida don tsoron ɓarayi. Don Allah a bari.

Shin akwai magani? Babu wanda ke mayar da ƙwayoyin da suka mutu, amma akwai masu rage fizgar ƙwarai. Waɗanda aka fi amfani da su su ne kulonazefam, da sodiyam balfurowet, da lebetirasetam, da firasetam, kuma sau da yawa sai an haɗa biyu ko uku, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ba magungunan da za a aika yaro kemis ya sayo ba ne. Balfurowet na iya nakasa ɗan da ke ciki, don haka mace mai shekarun haihuwa sai da shawara ta musamman. Kulonazefam na sa barci, jiki na sabawa da shi, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Ga masu murɗewar gaɓoɓi akwai bakulofen, da allurar botulinam da ake yi wa tsokar da ta ƙage, da kuma benzhekzol, wanda abin takaici matasanmu suka fi sani da Exol suna sha don maye, har marar lafiyar gaske ya je saye a riƙa yi masa kallon ɗan ƙwaya. A wasu ƙasashe an gwada dasa siririyar wayar lantarki a cikin ƙwaƙwalwa ga 'yan ƙalilan da magani ya gagara.

Rabin aikin kuma a hannun masu gashin ƙashi da masu koyar da magana da mutanen gida yake. Kofi mai murfi da hannu biyu. Cokali mai nauyi. Kujera a banɗaki, da ƙarfen kamawa a bango. A rage hayaniya lokacin cin abinci, kada a tsaya a kansa ana cewa yi sauri. Ya yi sallarsa a zaune, malamai sun san addini ya ba shi wannan sauƙi. Lance-Adams ba cuta ba ce mai ci gaba da cin ƙwaƙwalwa, kuma da yawa sukan samu sauƙi a hankali cikin shekaru. Sannu ba ta hana zuwa. Telan nan bai koma zura allura ba, amma ya kai ga ci da hannunsa, yana tafiya da sanda, yana zama a shagonsa yana karɓar aiki yana duba ɗinkin yaransa. Ranar da ya fara shan shayi a gabana ba tare da ya zubar ba, matarsa ta yi kuka.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi kowace arha. Yawan ɓarnar da ƙwaƙwalwa za ta yi ya dogara ne da mintunan da ta yi babu jini. Manyanmu a nan suna tuna 12 ga Agusta 1989, ranar da ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas ana wasa da Angola, bai tashi ba. Matasa kuma sun ga Christian Eriksen na Danmak ya faɗi a Kofanhegan ranar 12 ga Yuni 2021. Nan take aka hau danna masa ƙirji aka sa masa na'urar girgiza zuciya, ya tashi da ƙwaƙwalwarsa lafiya, har ya buga gasar cin kofin duniya a Katar a 2022. Fabrice Muamba na ƙungiyar Bolton ya faɗi a Landan a watan Maris 2012, zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta bugawa da kanta, amma saboda ba a daina danna ƙirjin ba jini bai yanke wa ƙwaƙwalwarsa ba, yana nan da ransa da hankalinsa.

Mu kuwa in mutum ya faɗi, me muke yi? A yayyafa masa ruwa, a yi masa fifita, a ɗura masa madara ko manja, a cusa masa cokali a baki, a taru a kansa ana salati ana jiran mota. Ga abin da ya kamata. In ka kira shi ka girgiza shi bai amsa ba, kuma ba ya numfashi ko yana wani irin jan numfashi na shaƙuwa jefi-jefi, kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Sa wani ya nemo taimako. Ɗora tudun tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a kai, ka miƙe gwiwar hannu, ka danna ƙasa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Kada ka tsaya. In ka gaji wani ya karɓa, a ci gaba har cikin mota, har ƙofar asibiti. Kada tsoron karya haƙarƙari ya hana ka, haƙarƙari na ɗorewa. Kada a ba shi komai ta baki.

Ina roƙon shugabannin makarantu, da limamai, da shugabannin kasuwa da na tasha da ke wannan zaure, ku ba mu wuni ɗaya mu zo mu koya wa mutanenku wannan da hannu. Wanda kuma yake da ɗan'uwa a gida da ya taɓa farfaɗowa daga tsayawar zuciya, ko nutsewa, ko hayaƙi, yanzu jikinsa na fizga ko ya sandare, ya kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ya kuma faɗa wa likitan abin da ya faru tun daga ranar farko. Kafin ku kai shi, ku riƙa yi masa magana kai tsaye, domin yana jin ku.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.